Mota mai sulke a hanyoyin kudancin Maraɗi: abin da take iyawa da inda ƙarfinta ya ƙare

Duk lokacin da 'yan bindiga suka faɗa wa wani ƙauye a yankin Gabi ko Safo ko Gidan Sori, suka kore shanu, suka tafi da mutane domin neman kuɗin fansa, maganar da ke biyo baya a majalisun Maraɗi da gidajen rediyo kusan ɗaya ce: a ƙaro jami'an tsaro, a kawo musu motoci masu sulke. Wannan kira yana da hujja, domin duk wanda ya ga askarawanmu sun fita sintiri a bayan buɗaɗɗiyar Toyota, babu abin da ya raba ƙirjinsu da harsashi sai kakin da ke jikinsu, ba zai yi musun cewa sun cancanci kariya ba. Sai dai motocin nan iri-iri ne, kuma wadda ta ceci rayuka a Tilaberi tana iya zame wa mutane kaya a fadamun Madarunfa. A ganina, ba kaurin ƙarfe ne ma'aunin mota mai kyau ba. Ma'auninta uku ne: hanyar da za ta bi, makamin da abokin gaba yake riƙe da shi, da makanikin da zai tashe ta ranar da ta kwanta.

Da farko ya kamata a raba su. Tankar yaƙi, wadda ke tafiya a kan sarƙa, nauyinta yakan kama daga tan 40 zuwa sama da 60, kuma ba ta da aiki a sintirin ƙauyuka. Akwai manyan motoci masu jure nakiya waɗanda aka sani da MRAP, galibinsu daga tan 14 zuwa sama. Sannan akwai ƙananan motoci masu sulke, masu taya huɗu, waɗanda nauyinsu ke tsakanin tan 4 da kimanin 10, su ne kuma abin da wannan sharhi ya sa a gaba. Sojan Nijar ba baƙi ba ne a wurinsu, domin sun daɗe suna aiki da AML-60 da AML-90 na kamfanin Panhard na Faransa, waɗanda aka fara ƙerawa a farkon shekarun 1960, mota mai tan biyar da rabi da mutum uku a ciki. Daga baya kamfanin ya fito da VBL, wadda ta shiga aikin sojan Faransa a 1990, ba ta wuce tan huɗu ba, kaurin sulkenta kuwa tsakanin milimita 5 ne da 11 da ɗoriya. Turkiyya tana da Cobra ta kamfanin Otokar, wadda sojan Najeriya suka yi amfani da ita sosai. A ƙasan waɗannan duka akwai Land Cruiser da aka tuɓe wa gangar jiki aka yi mata sabuwa ta ƙarfen sulke, kuma ita ce aka fi gani a hannun jandarmomi da 'yan sanda a ƙasashe da dama.

Tushen matsalar duka nauyi ne, kuma lissafinsa a fili yake. Farantin ƙarfe mai faɗin murabba'in mita ɗaya da kaurin milimita 8 yana da nauyin kilo 63 ko kusa da haka. Gilashin da zai tare harsashin bindigar yaƙi yakan kai kusan santimita 4 a kauri, kuma ya fi wannan farantin nauyi. Idan aka kewaye ɗakin mota da waɗannan, gefe da gefe, gaba da baya, sama da ƙasa, an ɗora mata ɗaruruwan kilo, wani lokaci fiye da tan guda, tun kafin mutum ɗaya ya shiga. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya kuwa abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba. Ke nan duk kilon da aka ba sulke, an ƙwace shi ne daga ruwan sha, ko mai, ko albarusai, ko mutane, ko kuma daga saurin motar da iyawarta a cikin yashi. Kakanninmu sun san wannan lissafi tun zamanin yaƙe-yaƙen da Maraɗi da Tibiri suka yi da daular Sakkwato a ƙarni na 19. 'Yan lifidi, waɗanda aka lulluɓe su da dawakansu da auduga mai kauri, kibiya ba ta cika yi musu illa ba, su ne ke fasa sahun abokan gaba, su ne ke kewaye sarki, amma dokin lifidi yana saurin gajiya, ba shi ake aikawa bin sawun mahara ba. Injin dizal bai canza wannan hukunci ba.

Saboda haka ne masu ƙira suka tsara matakan kariya, domin mai saye ya san abin da yake biya. Ma'aunin da aka fi ambata shi ne na ƙungiyar tsaro ta NATO, mai suna STANAG 4569. Mataki na 1 yana tare harsasan bindigogin hannu na yau da kullum daga nisan mita 30. Mataki na 2 yana tare harsashin kalashinkof mai huda ƙarfe, mataki na 3 yana tare irin wannan harsashi daga bindigogin da suka fi ta ƙarfi, mataki na 4 kuma yana jure babbar bindiga mai milimita 14.5 daga nisan mita 200. Ta ɓangaren nakiya, mataki na 2 yana nufin jure kilo 6 na abin fashewa, na 3 kilo 8, na 4 kilo 10. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, gwajin harsashi daban, gwajin nakiya daban, don haka mota tana iya samun mataki mai kyau a gefenta alhali cikinta a fallashe yake. Galibin ƙananan motocin sintiri a mataki na 1 ko na 2 suke tsayawa. Bindiga mai milimita 12.7 da ake girkawa a bayan Toyota tana huda su, balle roka ta RPG-7, wadda ko tsohon samfurinta yana ratsa ƙarfen da ya wuce santimita 25. Duk wanda ya ce wa jami'i motarsa ba ta hudawa, ya cuce shi, domin jami'in zai tsaya a inda bai kamata ya tsaya ba.

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da Land Cruiser da aka yi wa sulke zai fahimci abin da nauyi ke yi wa mota. Ƙofar kaɗai sai an sa ƙarfi kafin ta motsa, kuma idan motar ta karkata a gangare, mutum ɗaya da kyar yake tura ta daga ciki. Maƙallan ƙofa na asali ba sa ɗaukar wannan kaya, dole a canza su. Sifirin na baya yana miƙewa, birki yana zafi yana cinyewa da wuri, kuloci yana ƙonewa a cikin yashi, lagireto yana tafasa saboda an toshe masa iska da farantin gaba. Tun da nauyin ya koma sama, motar takan yi saurin kifewa a kwana, musamman idan an ɗora mazaunin mai bindiga a kan rufi. Gilashin nan mai kauri, wanda fallaye ne da aka manne da juna, rana da zafi suna sa mannen ya saki, sai ya yi hazo daga gefe yana shigowa tsakiya har direba ya riƙa leƙe ta ɗan wurin da ya rage. Kamfanin da ya san aikinsa yana canza sifirin da birki da tayu tare da sanya sulken, yana kuma haɗa farantai su hau kan juna a bakin ƙofa da tagogi, domin ta nan harsashi ke samun kafa.

A nan ya kamata in ja hankali a kan wata dabara da ake yawan kawowa da kyakkyawar niyya, wato a kai Toyota wurin mai walda a liƙa mata ƙarfe. Masu waldar Maraɗi gwanaye ne, amma ƙarfen ƙofar gida da na tankin ruwa ba ƙarfen sulke ba ne. Ƙarfen sulke an gasa shi ne ta hanya ta musamman har taurinsa ya ninka na ƙarfen gini sau da yawa, kuma zafin walda da ba a yi bisa ƙa'ida ba yana kashe wannan tauri a daidai wurin haɗin. Harsashin kalashinkof yana ratsa ƙarfen gini mai kaurin milimita da dama, ya kuma shigo da ɓarɓashin ƙarfen ya watsa wa na ciki. A ƙarshe an tara nauyi, an rasa gudu, kariyar kuma ba ta samu ba.

Batun nakiya shi ne ya fi canza siffar waɗannan motoci a duniya. A shekarun 1970, a Rodeshiya (Zimbabwe ta yau) da Afirka ta Kudu, aka gane cewa idan aka yi cikin mota mai tsini kamar harafin V, aka kuma ɗaga shi sama da ƙasa, ƙarfin fashewa yana tsagewa ya fita ta gefe maimakon ya daki inda mutane suke zaune. Daga nan aka samu motocin Buffel da Casspir, daga baya kuma Mamba, irin wadda Amurka ta taɓa ba sojan Nijar. Ƙasashen da suka yi sakaci da wannan darasi sun biya da jini. Birtaniya ta ƙera Snatch Land Rover a 1992 domin sintiri a titunan Ailan ta Arewa, inda abin tsoro shi ne duwatsu da kwalaben fetur da harbin bindigar hannu, sannan ta kwashe ta zuwa Iraƙi da Afganistan, inda bama-baman gefen hanya suka hallaka aƙalla sojojinta 37 a cikin irin wannan mota, har rahoton Chilcot na 2016, wanda ya binciki rawar Birtaniya a yaƙin Iraƙi, ya zargi ma'aikatar tsaro da jan ƙafa wajen sauya ta. Amurka ma ta shiga Iraƙi da ƙaramar motar soja mai suna Humvee, ta yi ta ƙara mata ƙarfe har ta gaji, sannan a 2007 ta buɗe shirin MRAP wanda ya ci fiye da dala biliyan 40 ya samar da motoci fiye da 20,000. Mu ma mun ɗanɗana wannan masifa a gida. A ranar 21 ga Fabrairun 2021, ranar zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, motar ma'aikatan hukumar zaɓe ta CENI ta taka nakiya a yankin Dargol na jihar Tilaberi, mutum bakwai suka rasu. A Tilaberi da Difa, inda ake binne irin waɗannan abubuwa a hanya, babu wanda zai yi jayayya da buƙatar mota mai tsinin ciki komai nauyinta.

To amma ƙasar Maraɗi fa? Mafi yawanta jigawa ce, yashi mai laushi wanda a bazara yake haɗiye taya, sai kuma kwarin Gulbin Maraɗi da fadamun da ke kewaye da tafkin Madarunfa, waɗanda daga Yuli zuwa Satumba suke zama laka mai kama ƙafa. Da an sauka daga kwalta, irin wadda ta tashi daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa, galibin abin da ya rage hanyoyin amalanke ne da turbobin ƙafa tsakanin gonaki, kuma a watan Agusta gero yana rufe mutum a tsaye, ya hana na cikin mota ganin abin da ke mita goma a gabansa. Abin da mota mai nauyi ke gamuwa da shi a irin wannan ƙasa ba sai an yi hasashe ba, domin ya faru a maƙwabtanmu. A ƙarshen watan Agustan 2024, motocin MRAP biyu na sojan Najeriya suka kafe a cikin taɓo a ƙauyen Kwashabawa na ƙaramar hukumar Zurmi a jihar Zamfara, aka kasa fitar da su, sojoji suka kwashe abin da za su iya suka bar su, 'yan bindiga suka zo suka cinna musu wuta suka ɗauki bidiyo suka watsa, kuma hedikwatar tsaron Najeriya ta tabbatar da kafewar motocin. Zurmi tana iyaka da mu, ƙasarsu da daminarsu irin namu ne. Babu harsashin da ya huda waɗannan motoci, laka ce ta kayar da su, kuma hoton ƙonewarsu ya ƙara wa ɓarayi kwarjini a idon talakawa.

Sai a dubi abokin gaba. Waɗanda suka addabi Madarunfa da Gidan Rumji, waɗanda kuma suka koro dubun dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa cikin jiharmu tun 2019, har aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, a kan babura suke zuwa, mutum biyu ko uku a kan kowane, galibi da dare, da kalashinkof a hannu, wani lokaci da bindiga mai jigida. Ba su zuwa domin su riƙe gari. Suna zuwa ne su kwashi abin da za su kwasa su nufi dajin Babban Rafi ko su tsallaka iyaka kafin gari ya waye. Babu wata mota mai sulke da za ta bi babur a turbar da faɗinta bai wuce taku biyu ba. A wannan fanni, sauƙi da sauri sun fi ƙarfe, kuma tarihin Sahel ya nuna haka tun 1987, lokacin da sojojin Cadi a ƙarƙashin Hassan Djamous suka tarwatsa tankokin Libiya a Fada a watan Janairu da Wadi Dum a watan Maris, da Toyota marasa sulke da makamai masu linzami samfurin MILAN.

Shin wannan yana nufin mota mai sulke ba ta da amfani a wurinmu? Ko kaɗan. Amfaninta yana wani wuri ne daban da inda ake zato. Masu kai hari sun san cewa za a kawo ɗauki, sun kuma san hanyar da ɗaukin zai biyo, domin sau da yawa hanyar ɗaya ce, saboda haka sukan ajiye wasu su yi kwanton ɓauna. A kwanton ɓauna, daƙiƙun farko ne ke yanke hukunci: idan ruwan harsashin farko ya samu direba da mai bindiga a buɗaɗɗiyar mota, an gama. Mota mai kariya ta mataki na 1 ko na 2 tana shanye wannan ruwan harsashi, tana ba direba damar ficewa daga wurin kisa, musamman idan tayunta suna da zoben ciki da ke barin a ci gaba da tafiya na wasu kilomitoci bayan sun fashe, tana kuma ba na bayanta damar sauka su kewaye maharan. Ita ce za ta shiga gaba a ayari, ita ce za ta ɗauko wanda aka raunata a ƙarƙashin wuta, ita ce za ta tsaya a shingen bincike ko a mashigar gulbi inda dole ɓarayi su biyo da shanu, ita ce za ta raka 'yan kasuwa ranar cin kasuwa. Akwai kuma abin da ba a aunawa da sikeli: kwamandan da ke da mutum goma sha biyu, aka kira shi da ƙarfe biyun dare, ya fi saurin cewa a tashi idan ya san motar gaba za ta jure harbin farko. Wannan rashin jinkiri shi ne babban abin da sulke ke saya wa mutanen ƙauye.

Abin da ya dace da kudancin Maraɗi, a fahimtata, haɗin gwiwa ne: 'yan motoci masu sulke marasa nauyi, da Toyota masu sauri, da askarawa a kan babura, da rediyon sadarwa mai aiki a tsakaninsu, da jirgi maras matuƙi ko da ƙarami ne wanda zai leƙa bayan gero. Rundunar Farautar Bushiya da ke aiki a wannan yanki ta fi buƙatar irin wannan haɗi a kan jerin manyan motoci. Amma ba zan ce a rufe ido daga nakiya ba, domin a ƙarshen 2024 an samu fashewar abubuwan da aka binne a hanyar Ɗansadau ta jihar Zamfara, kuma dabarar da ta yi wa ɓarayi aiki a can ba ta buƙatar fasfo kafin ta tsallako. Hikima ita ce a ajiye kaɗan daga cikin masu jure nakiya domin manyan hanyoyin da ƙasarsu ke da tauri, a horar da masu binciken hanya, a kuma daina bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya kullum.

Wurin da aka fi yin asara, kuma aka fi yin shiru a kansa, shi ne gyara. Rundunonin Sahel sun tara motoci daga hannaye daban-daban: na Faransa irin su Bastion, na Cana, na Turkiyya, na Afirka ta Kudu, wasu saye, wasu kyauta. Kowace da injinta, da girman tayarta, da matatar manta, da irin kwamfutar da ke gano cutarta. Mota mai darajar miliyoyin CFA tana iya shafe watanni a kan duwatsu saboda famfon mai guda ɗaya da babu irinsa a ƙasar, sai a fara cire kayan wannan ana tayar da waccan, har rabin rundunar motocin ya zama ma'ajiyar kayan gyara. Tun bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023, da ficewar sojojin Faransa a ƙarshen wannan shekara da na Amurka a 2024, wannan tambaya ta ƙara nauyi, domin motar da aka karɓa kyauta tana ɗaure da hannun wanda ya bayar, kuma idan hulɗa ta yi tsami kayan gyaranta ne ke fara yankewa. Ikon mallakar kai a fannin tsaro yana farawa ne daga iya tayar da motarka ba tare da jiran jirgi daga waje ba.

A nan ne motar da aka gina a kan Land Cruiser take da fifikon da ba a raina shi. Wannan samfuri na 70 yana kan hanya tun 1984, injinsa na dizal mai suna 1HZ, mai silinda shida da lita 4.2, ba ya dogara da kwamfuta, yana haƙuri da man da ba shi da tsabta sosai, kuma babu garejin kirki a Maraɗi da za a rasa wanda ya san cikinsa. Kayansa suna samuwa a kasuwa. Ba ta kai Cobra ko Bastion kariya ba, wannan gaskiya ne, amma mota mai matsakaiciyar kariya da ke fita sintiri kullum ta fi mai cikakkiyar kariya da ke kwance a bariki. Najeriya ta ɗauki hanyar ƙira a gida, inda kamfanin DICON na Kaduna ya fito da mota mai sulke mai suna Ezugwu a 2019, kamfanin Proforce na jihar Ogun kuma yake ƙera Ara. Ko ba mu kai can ba tukuna, muna iya sharɗanta wa duk mai sayar mana da mota cewa kwangilar ta haɗa da kayan gyara na shekaru, da horar da makanikanmu, da takardar gwajin da ke nuna matakin kariya, da igiyar ƙarfe mai injin ja a gaban kowace mota. Haka nan na'urar sanyaya iska ba kayan alatu ba ce a nan. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, kuma akwatin ƙarfe da aka rufe yana zarce haka nesa, don haka ranar da na'urar ta mutu askarawa za su buɗe ƙofofi ko su hau rufi, sulken ya tashi a banza. Direba ma sai an koya masa sabon tuƙi: yaushe zai rage iskar taya kafin ya shiga yashi, yaya zai sha kwana da mota mai nauyin kai, yaya kowa zai fita idan ta kife.

Aikin 'yan sanda kuwa yana da nasa hukunci, kuma bai kamata a cakuɗa shi da na soja ba. A Nijar, soja da jandarma suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, askarawan Gardi da 'yan sanda suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, kuma jandarma da ɗan sanda aikinsu kama mai laifi ne su miƙa shi ga shari'a da ransa. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da ƙarfi da bindiga, waɗanda aka amince da su a birnin Habana na Kuba a 1990, sun ambaci motoci masu tare harsashi a cikin kayan kare kai, tare da garkuwa da hular kwano da rigar sulke, kuma dalilin da suka bayar shi ne a rage buƙatar amfani da makami. Ma'anar wannan babba ce. Jami'in da ke cikin kariya ba shi da uzurin yin harbi saboda firgita, yana da lokacin da zai yi magana, ya yi gargaɗi, ya jira. Idan aka juya abin, motar ta zama abin tsoratarwa, sakamakon yakan yi muni. A watan Agustan 1969 a birnin Belfast na Ailan ta Arewa, 'yan sanda sun yi harbi da manyan bindigogin da ke kan motocinsu samfurin Shorland a cikin unguwa, harsashi ya ratsa bango ya kashe yaro ɗan shekara tara a gidansu. Casspir da ta ceci rayuka daga nakiya, ita ce ta zama tambarin zalunci a unguwannin baƙaƙen fata na Afirka ta Kudu a zamanin wariyar launin fata. A Amurka, fitowar 'yan sanda da motoci masu sulke a gaban masu zanga-zanga a garin Ferguson a 2014 ta jawo ce-ce-ku-cen da ya sa gwamnatin Obama ta taƙaita ba su wasu kayan soja a 2015. Saboda haka motar da za a ba 'yan sandan cikin gari kada a girka mata bindiga mai jigida, launinta ya bambanta da na soja, kuma a rubuta a fili wane ne ke da ikon fito da ita da kuma a wane hali. Rikicin ɗalibai ko hayaniyar kasuwa ba wurinta ba ne.

Ko a karkara, ƙofar da aka rufe tana da farashi. Labarin inda ɓarayi suka kwana, da wanda ke kai musu mai da burodi, da turbar da aka bi da shanu, yana bakin manomi da makiyayi da mai gari, kuma waɗannan mutane suna magana ne cikin tsoro, domin sun san idan aka gane su za a dawo musu. Ba za su faɗa wa gilashi mai kauri komai ba. Sintirin da ya ratsa gari da ƙura bai tsaya ba ya nuna ƙarfi, amma ya koma hannu rabbana. Wanda ya ajiye motar a bakin gari, shugaban ayari ya sauko ya cire hular kwano, ya isa ƙofar mai gari ya ce ranka ya daɗe, ya gaida dattawa da Baba, ya zauna a tabarma ya sha ruwa, ya kuma je rugar Fulani ya yi musu irin wannan gaisuwa ba tare da ya ɗauke su duka a matsayin abin zargi ba, shi ne wanda wayarsa za ta yi ƙara kafin a kai hari.

Idan wayar ta yi ƙara, abin da ya rage shi ne nisa. Motar da ke ajiye a barikin Maraɗi, aka kira ta zuwa ƙauyen da ke kilomita 40 a cikin yashi da duhu, idan tana yin kilomita 25 a awa ɗaya, sai ta shafe fiye da awa ɗaya da rabi, alhali masu babura sun gama abin da ya kawo su tun da daɗewa. Don haka rarraba motocin a ƙananan sansanoni kusa da iyaka, kowane da isasshen mai a tanki da makaniki da mutanen da za su iya kare sansanin kansa, ya fi ƙara yawansu a babban gari amfani. Sannan iyakarmu da Najeriya, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, tana tsayar da motar gwamnati amma ba ta tsayar da babur ɗin ɓarawo. Gwamnonin Maraɗi da Katsina da Sakkwato da Zamfara sun zauna a nan Maraɗi a watan Satumban 2019 a kan wannan matsala, kuma buƙatar da ta tara su tana nan: kwamandan da ke Madarunfa ya samu layin da zai kira takwaransa na Jibiya ko Zurmi a cikin daren, domin idan aka koro mahara daga wannan gefe su tarar da wata motar tana jiran su a wancan.